Neman sakan 86: littafin aikin layin dogon lambu

2 ga Maris

Yau na yaye tamfol daga kan layin, rabona da shi tun watan Nuwamba. Busasshen ganye ya cika tsakanin ƙarafuna, gizo-gizo ya yi saƙa a cikin ɗan ramin da jirgi ke ratsawa, wata dabba kuma, kyanwa ce ko mece ce, ta tone tsakuwa a kwanar gabas. Shara kaɗai ta ci min awa biyu a durƙushe.

Bari in ajiye awon komai a nan, don kada nan gaba in riƙa gardama da kaina. Layin zagaye ne guda, tsawonsa mita 30, tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 32. Ma'aunin da nake bi shi ne milimita 16 a madadin ƙafa ɗaya, wato komai an rage shi kusan sau 19. Da wannan lissafi, milimita 32 na tsaye ne a matsayin siririn dogo mai faɗin ƙafa biyu, irin na Darjilin a ƙasar Indiya mai milimita 610, ko na Festiniyog a yankin Wales mai milimita 597. Kan jirgin ƙarami ne mai aiki da tururi, da hannu ake sarrafa shi, yana tafiya a kan ƙafafu huɗu, silinda biyu, tukunyar jan ƙarfe mai cin ruwa mililita 230, wutarsa gas. Nauyinsa ya ɗan haura kilo uku. Ba batir, ba waya. Ruwa ne da wuta da mai, kamar dai manyan.

Burin bana guda ɗaya ne. Irin waɗannan jirage a zahiri ba su cika wuce kilomita 24 a awa ba. In aka raba da 19, ya kamata nawa ya ci santimita 35 a sakan ɗaya, ya gama zagayen mita 30 cikin sakan 86. Ina so ya yi hakan da tarago huɗu a baya, sau biyar a jere, ba tare da na sa masa hannu ba. Bara ko kusa bai yi ba: ko dai ya fita da gudu kamar wanda aka koro, ko ya tsaya cak yana huci.

9 ga Maris

Kafin a kunna wuta sai an gwada tukunya. Na cire bawul ɗin kariya, wanda ke sakin tururi in matsi ya yi yawa, na toshe ramin, na ɗura ruwa har ya tumbatsa, babu ko ɗigon iska a ciki, sannan na haɗa ɗan famfon hannu da agogon auna matsi. Tukunyar tana aiki ne a fam 40, irin awon da masu faci ke yi wa iskar taya, don haka na kai ta fam 60, ninki ɗaya da rabi, na bar ta minti goma ina bin kowane haɗi da busasshen tsumma.

Dalilin yin gwajin da ruwa ba da iska ba: ruwa ba ya matsuwa. In haɗi ya buɗe, ɗigo biyu za su fito, allurar agogo ta faɗi, shi ke nan. Iska kuwa tana tara ƙarfi kamar sifirin, in ta sami kafa sai ta yi ɓarna. Tukunya mai zafi ta fi ta muni, domin a fam 40 ruwan da ke ciki ya kai digiri 141 bai tafasa ya ƙare ba, matsi ne ya danne shi. Da zarar matsin ya kuɓuce, wani kaso nasa zai koma tururi nan take, shi kuma tururi a sarari yana cin wuri kusan sau 1,600 na ruwan da ya haife shi. Tukunya ce da za ka rufe ta da tafin hannu, amma ba abin raini ba ce.

Allura ta sauka fam biyu. Na bi sawu har na tarar da jiƙa a notin ƙasa na gilashin ruwa, wanda ke nuna yawan ruwan tukunya. Robar ciki ta ƙeƙashe ta tsage. Na sauya ta, na ɗaure notin da yatsu kawai sannan na ƙara ɗan kaɗan da sifana. Gilashin nan na uku ke nan da na sa; biyun farko duk ƙarfin hannuna ne ya kashe su.

Da yamma na mayar da bawul, na kunna wuta, na buɗe gas sosai. Ya buɗe a fam 40 daidai, allura ba ta ƙara hawa ba. Madalla.

16 ga Maris

Ranar banza. Na fito da sassafe, ma'aunin zafi na nuna digiri 6. Na cika tankin gas, na kunna, wutar ta kama a bakin bututun hayaƙi amma ta ƙi komawa cikin tukunya, sai lilo take yi a akwatin hayaƙi, shuɗiya-shuɗiya. Kafin in ankara fentin ƙofar ya fara ƙauri.

Gas ɗin butan ne, shi kuma a ruwa yake zaune cikin tanki, yana tafasa ne a kusan digiri sifili. A sanyi irin na yau da ƙyar yake iya tashi, kuma duk wanda ya tashi sai ya ƙara sanyaya ragowar. Na taɓa tankin, kamar ƙanƙara. Na naɗa masa tsumma da na tsoma a ruwan ɗumi, ɗumin da hannu zai iya jurewa ba tafasasshe ba, wutar ta yi fuf ta koma mazauninta. Amma zuciyata ta riga ta ɓaci da tabon fenti. Na kashe na shiga ciki.

Akwai gas da ake gaurayawa da furofen, wanda ke tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifili, ba ruwansa da sanyi. Sai dai matsinsa ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma tankina ba a yi shi don haka ba. Zan jira rana ta ɗaga, ya fi min sauƙi.

23 ga Maris

Gwajin farko da agogo. 'Yata ce ta riƙe wayar tana ƙirga lokaci, ni kuma ina bin jirgi.

Tsarin tashi kullum ɗaya ne: gas tukuna, nesa da kowace wuta; sai in zubar da ruwan da ya taru a tulun mai in cika shi da man tururi; sai ɗigon mai mara kauri a kowace gaɓa da ke motsi; sai tataccen ruwa a tukunya har baki, in zuƙe mililita 30 da sirinji don tururi ya sami wurin zama. Minti shida allura ta kai fam 40. Na tura shi gaba da baya sau uku don silinda su yi zafi su tofar da ruwan da ya taru a cikinsu, sannan na sake shi.

"Baba, talatin da ɗaya!"

Sakan 31. In aka mayar da shi lissafin babban jirgi, kilomita 66 ke nan a awa, a kan dogon da ko rabin haka aka yi sai fasinjoji sun yi salati. A zagaye na biyu taragon ƙarshe ya goce a kwanar gabas ya kwanta cikin furanni. Na rage totur. Ya tafi lafiya lau, sannu-sannu, har ya iso gindin bishiya, nan ya yi tsaye. Allura na kan fam 38, wuta na ci, amma ko motsi. Na ɗan taɓa totur, ya zabura, ya wuce bishiyar, ya kwasa da gudu.

Sau bakwai muka maimaita. Sau bakwai a gindin bishiya.

"Ko dai tsoron bishiyar yake yi?" in ji ta.

Na ce mata injin ne ba shi da lafiya.

6 ga Afrilu

Kwana uku ina kansa a kan tebur, wannan bayanin zai ɗan yi tsawo.

Na fara da nozul ɗin gas, don shi ya fi sauƙi. Raminsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. In ka ɗaga shi sama ka leƙa, haske kamar kan allura za ka gani. Nawa hasken ba zagayayye ba ne, wani ɗan zare fari ya gitta. Guntun farin tef ɗin da ake naɗa wa zaren noti ne, kuma ni na naɗa shi bara, ya zarce baki. Ba a tsokana ramin da waya, ko da siririya ce, don tagulla ce mai laushi, ramin zai buɗe ya lalace har abada. Na kifa shi a bakin gwangwanin gas na fesa ta baya, zaren ya fita.

Sai silinda. Na ɗora kan jirgin a kan katako biyu ƙafafunsa na reto, na tayar da tururi, na kasa kunne. Silinda biyu ne, kowane fistin tururi na tura shi gaba ya kuma turo shi baya, kuma an saɓa ƙafafun hagu da na dama da rubu'in zagaye don kada su taɓa mutuwa a lokaci guda. Saboda haka kowane juyi na ƙafa ya kamata a ji huci huɗu masu tazara ɗaya: caf, caf, caf, caf. Nawa cewa yake caf-caf, caf... caf. Ɗingishi yake yi.

Na buɗe murfin akwatin bawul na dama. A ciki akwai ɗan ƙarfe mai zamiya da ke rufe ramuka biyu, yana buɗe na gaba ya rufe na baya, ya dawo ya buɗe na baya ya rufe na gaba. Sandunan da ke kaɗa shi sauƙaƙaƙƙen tsari ne na wanda Egide Walschaerts, injiniyan ƙasar Beljiyam, ya ƙirƙiro a 1844, kuma har yau in ka kalli gefen yawancin manyan jiragen tururi shi za ka gani yana rawa. Na juya ƙafa da hannu a hankali ina kallo da tocila. Ramin gaba na buɗewa gaba ɗaya, na baya kuwa da ƙyar yake nuna rabi. Bawul ɗin ya gusa daga tsakiya. Gyaransa ba wuya: a zare fil ɗin da ya haɗa sanda, a juya sandar rabin zagaye a cikin notinta, a mayar, a sake dubawa. Rabin zagaye uku ya ci kafin ramukan su yi daidai wa daida.

Wurin mayarwa ne ɗan zoben da ke kulle fil ɗin ya yi tsalle daga bakin filaya. Na ji ƙararsa, kit, a wani wuri bayan kafaɗata. Abu ne da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Minti arba'in ina rarrafe da maganaɗisu, daga ƙarshe a cikin naɗin ƙafar wandona na same shi. Daga yau irin wannan aiki a cikin babbar leda mai haske zan riƙa yin sa, hannuna da komai a ciki.

Tunda na riga na buɗe, na sauya zoben roba na fistin duka biyu. Na hagu ya lallatse gefe guda. Yanzu a kan katako yana juyawa a fam 10 kacal, huci huɗu cif. Na kwanta ina jin kaina makaniki.

13 ga Afrilu

Ya tsaya a gindin bishiya.

Sauti ya yi daɗi, ƙarfi ya ƙaru, gudun ma ya ƙaru, sakan 28. Amma da na rage totur, wuri ɗaya, kamar an ja masa birki.

27 ga Afrilu

Ashe wata guda na bar jaki ina dukan taiki.

Wani dattijo da ya daɗe a wannan harka ya leƙo ranar Lahadi. Bai ko kalli kan jirgin ba. Ya ɗauki tarago ɗaya ya ajiye a kan layi, taku uku kafin bishiya, ya ɗauke hannunsa. Taragon ya gangara da kansa, ya wuce, ya dawo, ya yi ta kai da komo har ya natsu a wuri guda. Ya dube ni ya ce, "Malam, rami gare ka a nan." Na ce ai da idona na daidaita wurin, kuma ido ko ba mudu ba ne ya san kima. Ya ce, "Wannan kimar ta fi ƙarfin ido. Nemo tiyo."

Jiya na yi awon. Siririn tiyo mai haske, mita goma, na cika shi da ruwa na fitar da kumfa. Baki ɗaya na ɗaure a jikin turke kusa da tasha, ɗayan ina yawo da shi, kowace mita ina auna tazarar saman ƙarfe da fuskar ruwa. Ruwa ba ya ƙarya, duk inda bakin biyu suke tsayinsa ɗaya ne. Yawancin layin bai kauce da fiye da milimita biyar ba. Amma daga mita ta 17 ƙasa ta zauna, a ta 19 kuma saiwar bishiya ta ɗago layin. Tsakanin wuraren biyu akwai hawan santimita 7 a cikin mita 2, wato kusan ɗaya cikin 29. Kuma hawan ya faɗo daidai kan kwana mafi tsanani, mai gwiwar santimita 90, inda leɓen ƙafa ke gugar ƙarfe. Masu wannan sana'a suna son layin tururi ya kwanta shamal, in ya zama dole a yi hawa kada ya wuce ɗaya cikin 50, ɗaya cikin 100 ya fi.

Da dare na zauna da biro, don abin ya tsaya min a rai: me ya sa santimita bakwai za ta kayar da inji mai ƙarfin jan tarago goma? Amsar ta ba ni mamaki. Abin da ke tafiyar santimita 35 a sakan, in ka yanke masa ƙarfi ka bar shi da zafin tafiyarsa kawai, tudun da zai iya hawa milimita shida ne. Shida! Babban jirgi a kilomita 24 yana iya haye tudun da ya haura mita biyu da ƙarfin gudunsa kaɗai, direba bai taɓa komai ba. In ka rage mita biyun sau 19 za ka sami sama da santimita goma, ba milimita shida ba. Wato an rage girman jirgi, an rage gudunsa, amma jan ƙasa yana nan yadda yake, ba wanda ya rage shi. Ƙaramin jirgi mai tafiya a hankali ba shi da ajiya ko kaɗan. Abin da totur ya ba shi a wannan sakan, da shi zai rayu. In ya ishe shi a shimfiɗe, ba zai ishe shi a hawa ba. In ya ishe shi a hawa, ya yi masa yawa a gangara. Babu wurin da zan ajiye totur ya gamsar da duka biyun.

Ban yi nadamar gyaran bawul ba, yana buƙata. Amma ba shi ne ciwon ba.

11 ga Mayu

Na ɗage layi daga mita ta 15 zuwa ta 22. Saiwar ta kai kaurin hannuna, ban yanke ta ba, bishiyar ta riga layin zuwa. Na karkatar da hanya santimita 40 waje, abin da ya ba ni damar buɗe kwanar zuwa gwiwar mita ɗaya da santimita 20. Na haƙa zurfin tafi ɗaya, na shimfiɗa yadin hana ciyawa, na zuba manyan tsakuwa na daddaɓe, na jera bulo a kai ina bin kowanne da tiyo.

Ruwan sama ya kore ni a bulo na tara.

25 ga Mayu

An gama. Mako biyu ana ruwa, wanda ya zame min alheri, don bulo uku sun zauna tun kafin in ɗora ƙarfe, na ɗaga su na ƙara ciko.

Kan tsakuwar saman layi: bara na yi amfani da mai santsi, irin ta bakin rafi, don ta fi kyan gani. Kuskure ne. Mulmulalliyar tsakuwa ba ta riƙe juna, ruwa ɗaya sai ta watse. Bana fasasshen dutse na sa, milimita biyu zuwa huɗu, mai kaifin baki. Na zuba da cokali, na share da burushin fenti har ya shiga tsakanin 'yan sandunan da ke ɗauke da ƙarfe, na yayyafa ruwa. Da ya bushe na danna da babban yatsa, ko gezau.

Gwajin dattijo: tarago ya zauna duk inda na ajiye shi, sai a mita ta 21 yake ɗan silalowa kamar mai shawara. Na bar shi haka.

Kan jirgi shi kaɗai: sakan 52, bai tsaya ba. Karo na farko ke nan da ya wuce bishiya a hankali. Na bi shi da ido har ya ɓace a bayan furanni ya sake ɓullowa.

15 ga Yuni

Na fito da azahar na tarar da miƙaƙƙen layin yamma ya yi lanƙwasa kamar maciji ya ratsa yashi. Ya tashi daga kan tsakuwa ya karkace wajen santimita uku.

Laifina ne. Ranar da nake mayar da layi da safe ne, da sanyi, na bi duk mahaɗan na matse su ƙam don ina ƙin jin ƙarar ƙafa a kan gaɓa. Ƙarfen tagulla ne, kowace mita tana ƙaruwa da kusan milimita 0.019 a duk digiri ɗaya. Kamar ba komai ba. Amma miƙaƙƙen mita takwas ne, kuma tagullar da ta sha rana ta fi ta safiya zafi da digiri 35 ko fiye, har ba ta taɓuwa. Milimita biyar ke nan da ba su da wurin zuwa, sai gefe.

Na jira yamma ya huce ya koma da kansa, saura kaɗan. Na rage kan ƙarfe biyu da zarto, na raba tazarar milimita ɗaya a kowace gaɓa, ina auna ta da guntun kati. Ƙarar da nake gudu ta dawo, tak-tak, tak-tak. Da tarago huɗu a baya sai na ji ashe ita ce ma ke sa abin ya yi kama da jirgi.

29 ga Yuni

Makon jiya baƙi suka zo ana tsakiyar gudu, na kashe gas na tafi, na bar totur a buɗe, murfin tukunya a rufe. Yau da na tayar da shi sai ga ruwa mai kumfa yana tsartuwa ta bututun hayaƙi, gilashin ruwa ya yi dishi-dishi, ƙafafu na sulɓi a kan layi.

Abin da ya faru: tukunya in tana hucewa, tururin ciki yana komawa ruwa ya bar wuri fayau, sai ta shiga zuƙo duk abin da ta samu ta kowace kafa. Kafar da na bar mata ita ce bututun da ya bi ta tulun mai. Shi wannan tulu aikinsa da dabara yake: tururi na shiga ta ɗan rami ya huce ya zama ruwa, ruwan ya nutse ƙasa don ya fi mai nauyi, ya ɗago man sama ya tura shi cikin bututu zuwa silinda. Hanya ɗaya ya kamata man ya bi. Ni na buɗe masa ta komawa. Mai a cikin tukunya kuwa kumfa yake sa ruwa, kumfar ta bi tururi ta tafi.

Wanki uku da ruwan zafi da ɗigon sabulun ruwa, ɗauraya shida, ina jijjiga shi a kife kamar mai wanke gora. Sannan na bi mita talatin na layi da tsumma da sifirit. Ƙa'ida daga yau: in an kashe wuta, a jira allura ta faɗi sifili, a sassauta murfin tukunya. Totur kuma a rufe shi sakwa-sakwa, don in aka ɗaure shi da zafi, yana hucewa zai cije.

Wani ya taɓa tambayata ko baƙin man mota zai yi a tulun. Ba zai yi ba. Man tururi mai kauri ne, kamar zuma, an gauraya shi da ɗan kitse don ya manne wa ƙarfe ko da jiƙe yake. Na mota tururi wanke shi yake yi, ragowar kuma ta ƙone ta toshe bututun da ya ratsa cikin wuta.

13 ga Yuli

Tarago huɗu babu kaya: 58, 61, 55. Akwai mai yin tsalle a mararraba. Na auna tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa, ya kamata ya zama milimita 28, na tarago na uku 26 da rabi ne. Na buɗa shi.

Sai na gwada abin da da farko ya yi min kama da wauta, na loda wa kowane tarago tsakuwa rabin kilo. Lokaci ya koma 71, 74, 73. Ba ragin gudun ne ya burge ni ba, daidaituwar ce. Inji mara kaya totur ɗinsa a bakin rufewa yake, inda motsin da bai kai kaurin gashi ba ke raba tsayawa da tsere. Da kaya sai an buɗe shi sosai, allurar da ke cikin totur ɗin ta fita daga wannan ƙunci, ga kuma huci ya yi kauri har ana jin sa daga ɗaya gefen lambun.

Na san da rimot da tuni an wuce wurin. Ƙaramin inji a kan totur, yatsa a kan sanda, duk ramin da ke layi sai a rufe shi da hannu. Ba na ƙin sa, wanda layinsa ke da hawa da gangara dole ya sa. Amma da na sa shi a watan Maris, da har yau ban san akwai rami a gindin bishiya ba.

3 ga Agusta

Abu na ƙarshe da ya rage shi ne wuta. Na lura duk sanda bawul ɗin kariya ya yi tsaki, zagayen kan zo da sauri, in allura ta sauka kuma ya yi nawa. Ina buɗe gas fiye da kima, tanki kuma yana ɗumama a hankali saboda maƙwabtaka da tukunya, wutar na ƙara ƙarfi da kanta. Yau da allura ta kai 35 na rage gas har sai da na kusa daina jin kukan murhu, bayan minti biyar na sake ragewa. Allura ta zauna tsakanin 30 da 32 ba ta motsa ba.

Na sa wa hannun totur ɗigon farin fenti, wani ɗigon a jikin bango, don in san inda zan tsaya.

Na sake shi, na koma kan kujera, na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada su ci amanata. 'Yata na kira: 81. 84. 84. 88. 85. A na huɗu ya yi jinkiri a sabuwar kwana, huci ya ware, caf... caf... caf, har na fara ɗagowa. Ta ce, "Baba, zauna." Na zauna. Ya haye.

Na shida 87, na bakwai 90, daga nan gas ya fara ƙarewa. Minti 24 daga kunnawa zuwa mutuwar wuta, da na zuƙe ragowar ruwan tukunya na sami mililita 55, wato gas ne ya riga ruwa ƙarewa, yadda ake so.

10 ga Agusta

Na so in maimaita don in tabbatar ba sa'a ba ce: 83, 86, 85, sai taragon farko ya goce a mararraba. Tururuwa sun yi gida a ƙarƙashinta, sun turo ƙasa ta cika tsakanin harshen ƙarfe da layi. Na share, amma za su dawo, sai na ɗaga mararrabar na zuba mata siminti a ƙasa.

Akwai kuma wani siririn tururi da ke fita ta wuyan silindar hagu, inda sandar fistin ke shiga. Na ƙara wa notin rubu'in zagaye, ya ragu bai daina ba. Zaren da ke ciki ya gaji. Ina da saura a gwangwani, in na tuna wanne.

Mita ta 21 ta ƙara zama milimita biyu. Tiyo ranar Asabar.